Yadda Ake Gwada Zafin Na'urar Lantarki a Cikin Kwamfuta

A watan Afrilu, zafin rana a Jabo da sauran ƙasar Tambuwal da Kebbe yakan haura digiri 40 a ma'aunin Selsiyas. Akwatin da ke daidaita cajin batirin hasken rana, idan yana ƙarƙashin rufin kwano, cikinsa ya fi haka zafi. To, yaya injiniya zai san ko na'urarsa za ta jure tun kafin ya ƙera ta?

Yakan gwada da'irar lantarkin a kwamfuta da manhaja mai suna SPICE, wadda Laurence Nagel da malaminsa Donald Pederson suka gabatar a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1973. Idan ba a sanar da ita komai ba, sai ta ɗauka cewa kowane transisto yana kan digiri 27, kuma a nan zai tsaya har gwajin ya ƙare. Wannan kuwa ba bazarar Sakkwato ba ce.

Transisto ba ya zama a zafi ɗaya. Duk ƙarin digiri guda yakan rage ƙarfin lantarkin da mahaɗar silikon ke buƙata da kimanin milivolt 2. Ke nan wuta za ta ƙara kwarara, kwararar ta ƙara zafi, zafin ya sake ƙara kwarara, wani lokaci har na'urar ta ƙone.

Harshen Verilog-A, wanda aka daidaita ƙa'idojinsa a 1996, yana ba injiniya damar rubuta halayyar na'ura da lissafi. Sai dai umarninsa na $temperature karanta zafi kawai yake yi, ba ya sauya shi. Dabarar ita ce a ƙirƙiri wata da'ira ta musamman domin zafi. Ɗalibi ya kwatanta ta da tulu mai ɗan huji: ruwan da ake zubawa shi ne wutar da transisto ke mayarwa zafi, hujin shi ne hanyar da zafin ke fita zuwa iska, tsayin ruwan kuma shi ne zafin transiston. A kowane ɗan taki na gwajin, kwamfuta za ta auna tsayin ruwan, ta mayar da shi cikin lissafin transiston. Ana iya sa zafin iskar ma ya riƙa tashi daga sanyin asuba zuwa ƙunar azahar.

Ga misali: transisto mai fitar da wat 2, wanda kowane wat ke ɗaga shi da digiri 30, zai kai digiri 87 idan zafin iskar yana kan digiri 27 da SPICE ke ɗauka. A cikin akwatin da ya kai digiri 55, sai ya kai 115.