Allurar Ƙarin Jini: Wa Ya Gano, Wa Ya Mallaka?

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ƙoda ya san ba wankin ƙoda kaɗai ke cin kuɗi ba. Akwai wata 'yar allura da ke tafiya tare da shi, wadda masu jinya ke kira allurar ƙarin jini, mu kuma masu harhaɗa magunguna muke ce mata EPO. Ruwan da ke cikin sirinjin bai cika ƙaramin cokali ba, fari ne tas kamar ruwan sha, amma kuɗinsa kan sa magidanci ya yi shiru a bakin kanta. Tarihin wannan ruwa ya ratsa ta jami'a, ya bi ta kamfani, ya shekara da shekaru a kotu, kuma na ga ya kamata masu biyan kuɗinsa su san shi.

Mu fara da jikinmu. Jar ƙwayar jini takan rayu kimanin kwana 120 ne kawai, don haka ɓargon ƙashi ba ya hutawa: a kowace daƙiƙa yana ƙera sababbi kimanin miliyan 2. To wa ke gaya wa ɓargo ya ƙara ko ya rage? Ƙoda ce. Idan iskar oksijin ta yi ƙaranci a jini, ƙoda takan saki wani furotin mai suna erythropoietin, wato EPO, ya bi jini zuwa ɓargo. Aikinsa aikin ɗan aike ne, kuma ɗan aike mai ladabi, don ba ya kutsawa cikin gida. A zaure yake tsayawa. A bangon kowace jaririyar ƙwayar jini akwai mai karɓar saƙo da aka yi dominsa shi kaɗai. Da EPO ya manne masa, sai wani sinadari da ke ta ciki mai suna JAK2 ya farka, ya tada wani mai suna STAT5, shi kuma ya wuce har tsakiyar ƙwayar inda bayanan gado suke, ya isar da umarni: kada ki mutu, ki girma, ki rabu biyu. Wannan miƙa saƙo daga hannu zuwa hannu shi masana ke bincike a kai idan suna maganar yadda ƙwayoyin halitta ke sadarwa. Idan ƙoda ta lalace, saƙon ya yanke. Shi ya sa za ka ga tafin hannun mai ciwon ƙoda ya yi fari fat, yana haki daga ɗaki zuwa tsakar gida, ko da kuwa yana cin hanta da zogale kullum.

EPO ɗaya ne cikin dangi mai yawa da ake kira furotin masu sa girma. Wadda ta buɗe wannan fage ita ce Rita Levi-Montalcini, Bayahudiya 'yar Italiya da dokokin Mussolini na 1938 suka raba da aikin jami'a, ta koma tana bincike da ƙwan kaji a ɗakin kwananta a Turin. Bayan yaƙi ta tafi St. Louis a Amurka, inda ita da Stanley Cohen suka ware sinadarin da ke sa jijiya ta tsiro. Cohen ya ci gaba: ya yi wa jariran ɓeraye allurar ruwan da ya tatso daga kaluluwar miyau ta ɓera, sai ya lura idonsu na buɗewa kwanaki da dama kafin lokaci, haƙoransu ma na fitowa da wuri. Wani zai ce kuskure ne ya zubar. Shi ya bi sawun abin har ya gano sinadarin da ke sa fata girma a 1962. Su biyun sun karɓi kyautar Nobel a 1986.

Amma mutumin da labarinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne Eugene Goldwasser na Jami'ar Chicago. Ya fara neman EPO a 1955, yana tsammanin aikin 'yan watanni ne. Ya ɗauke shi fiye da shekara 20, domin abin da jiki ke saki ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Mafita ta zo daga Japan. Wani likita a Kumamoto, Takaji Miyake, ya yi ta tara fitsarin marasa lafiyar da ɓargonsu ya daina yin jini. Ƙodar irin waɗannan mutane na ta sakin EPO ba ƙaƙƙautawa tun da ba mai amsa mata, har ya malalo cikin fitsari. Lita 2,550 Miyake ya tara, ya busar ya zama gari, ya ɗauko ya kai Chicago. Daga wannan tulin suka fitar da tsantsar EPO kimanin miligiram 8, suka wallafa sakamakon a 1977. Mai karatu ya tsaya ya auna: lita dubu biyu da ɗari biyar da hamsin, a samu abin da bai kai nauyin ƙwayar shinkafa ba.

Goldwasser ya cike takardun sanar da jami'a abin da ya gano, amma ba a bi maganar ba, ba a yi masa rajistar mallaka ba. Kuɗin gwamnatin Amurka ne ya ɗauki nauyin binciken duk tsawon shekarun nan.

A nan ya kamata mu fahimci mene ne takardar mallakar ƙirƙira. Ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da gwamnati. Shi zai bayyana sirrin abin da ya ƙera dalla-dalla, kowa ya karanta. Ita kuma za ta hana kowa ƙerawa ko sayar da irinsa ba da izininsa ba na wani wa'adi, wanda tun yarjejeniyar kasuwanci ta duniya ta 1995 ya zama shekara 20 daga ranar shigar da buƙata. Tambayar da ta daɗe tana ba alƙalai ciwon kai ita ce: abin da Allah ya riga ya sa a jikin ɗan Adam, ana iya cewa wani ne ya ƙirƙiro shi? A 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta yarda a ba Ananda Chakrabarty mallakar wata ƙwayar bakteriya da ya sauya wa halitta, kuma daga nan masu jari suka kwararo.

A wannan shekarar aka kafa wani ƙaramin kamfani a California wanda daga baya ya zama Amgen. Goldwasser ya ba su kaɗan daga cikin EPO ɗinsa. Da wannan EPO ɗin ne Fu-Kuen Lin, masanin kamfanin haifaffen Taiwan, ya yi ta lalube har ya kamo ƙwayar gadon da ke ɗauke da bayanin haɗa EPO a 1983. Ya dasa ta cikin ƙwayoyin halittar wata dabba dangin ɓera da ake reno a tankuna, suka shiga samar da furotin ɗin. Ba a iya amfani da bakteriya ba, domin kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin EPO sarƙoƙin sukari ne da ke manne a jikinsa, bakteriya kuwa ba ta iya ɗaura su, kuma in babu su jiki na saurin kawar da shi. Wannan aiki ne na gaske, kada a rage wa Lin komai. Da fitsari za a dogara, da har yau babu allurar.

Sai rigima ta tashi. A 1987 ofishin rajista na Amurka ya ba da takardu biyu. Ta farko ga kamfanin Genetics Institute, a kan tsantsar EPO shi kansa. Ta biyu ga Amgen, a kan ƙwayar gadon da ƙwayoyin halittar da aka dasa mata. Kowa ya riƙe wuyan ɗan'uwansa. A 1989 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da allurar Amgen mai suna Epogen, a 1991 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta ba Amgen gaskiya. Maganin ya riƙa kawo biliyoyin daloli duk shekara, ya kuma daɗe yana cikin magungunan da suka fi cinye kuɗin shirin lafiya na gwamnatin Amurka.

Ni ba na cikin masu cewa a soke mallakar ƙirƙira. Kafin 1989 mai wankin ƙoda yakan dogara ne da ƙarin jini a kai a kai, da haɗarin ciwon hanta da taruwar sinadarin ƙarfe a jiki. Babu mai zuba dukiyarsa a tankuna da gwaje-gwajen asibiti in ya san gobe maƙwabcinsa zai kwafa kyauta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne jan wa'adi. Tsohuwar dokar Amurka tana ƙirga shekara 17 ne daga ranar da aka ba da takarda, don haka daga buƙatun da aka shigar a 1983 da 1984 aka yi ta fitar da sababbin takardu ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarshe ba ta ƙare ba sai 2015. Fiye da shekara 30 ke nan. Turai ta amince da kwatankwacin EPO na wasu kamfanoni tun 2007. Amurka sai 2018. Kuma ana cikin wannan cin kasuwa ne aka riƙa ba marasa lafiya fiye da kima, har a 2007 hukuma ta tilasta a rubuta gargaɗi mai ƙarfi a kwalin: ɗaga jini da yawa na jawo daskarewarsa, shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya. 'Yan tseren keke ma sun yi amfani da EPO, ɗaya daga cikinsu, Lance Armstrong, ya amsa da bakinsa a 2013.

Kotuna sun dawo suna rage faɗin gonar masu mallakar ƙirƙira. A 2004 kotu mafi girma a Ingila ta ƙi yarda takardar Amgen ta hana wani kamfani da ya bi wata hanya dabam, wato kunna ƙwayar gadon EPO da ke cikin ƙwayar halittar mutum tun asali. A 2013 kuma, a shari'ar kamfanin Myriad, Kotun Ƙolin Amurka ta ce ƙwayar gado yadda take a jiki ba ta mallakuwa don kawai wani ya ware ta. Wannan hukunci ya kwanta mini: hanyar da ka ƙera taka ce, abin da ka tarar ba naka ba ne.

A asibitin da nake aiki a Kano, mafi yawan EPO da ke shigowa hannunmu yanzu daga Indiya da Sin yake, kuma ya fi na da sauƙi nesa ba kusa ba. Duk da haka wata dattijuwa da ke jinyar mijinta ta taɓa juya sirinjin a hannunta ta ce, "Ɗan nan, wannan ɗan ruwan ne ya cinye kuɗin akuyata?" Na ce, "Shi ne, Hajiya." Ƙarewar wa'adin mallaka ba ya karya farashin irin wannan magani yadda yake karya na farasitamol, saboda ƙwayoyi masu rai ne ke haɗa shi, kuma kafa masana'antarsa na cin maƙudan kuɗi. Ɗan canji kaɗan a haɗinsa ma na iya zama bala'i. Tsakanin 1998 da 2002 an sami marasa lafiya, yawanci a Turai, da jikinsu ya juya yana yaƙar EPO bayan an sauya kayan haɗin wani samfuri, har ɓargonsu ya daina yin jan jini gaba ɗaya.

Shi ya sa idan mai jinya ya zo mini da allurar da ya sayo a kasuwa don ya sami rangwame, nakan duba lambar NAFDAC, in tambaye shi a cikin me ya ɗauko ta. EPO na son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a daskarar da shi, ba a girgiza shi. Wanda ya yini a aljihun riga cikin zafin watan Afrilu zai iya lalacewa alhali ruwan na nan garau, babu abin da ido zai gani.