Wa Za a Tambaya Yawan Kalmomin Yaro?

 

A shekarar 1993 masana a Amurka suka fitar da wata takarda, wadda yanzu ake ce wa MacArthur-Bates. Kalmomi 680 ne a jere, a miƙa wa uwa ta yi alama a kan kowace ɗanta yake faɗi, tun yana wata 16 har zuwa 30. Ta jarirai kuwa daban take. Da wannan awo likita ke gane yaron da bakinsa ya yi nauyi, a taimake shi tun da wuri. In uwa ta ƙara, mai bukata ya rasa taimako. In ta rage, a ɗora wa lafiyayye cutar da ba shi da ita.

To, shin shaidar matalauciya daidai take da ta mawadaciya? A 2000 aka buga binciken yara fiye da 2,000 na yankin Pittsburgh. Abin mamaki, iyayen da ba su yi zurfi a karatu ba su suka fi cewa 'ya'yansu masu shekara guda suna fahimtar kalmomi da yawa. Masanan suka yi zargin an ƙara gishiri. Amma a Kilifi ta ƙasar Kenya, da aka karanta wa iyaye kalmomin da baki cikin harshensu, sai shaidarsu ta dace da abin da aka ji daga bakin yaran. An buga wannan a 2015.

Yanzu a kawo takardar nan Ƙofar Kabuga. Ni a ganina ba aljihu ne zai fara karkatar da ita ba. Uwa mai kunyar ɗan fari, wadda ko sunansa ba ta ambata, yaya za ta zauna gaban baƙo tana lissafa wayonsa? Wata kuma tsoron baki ne zai sa ta ce, "Ai gwaranci kawai yake yi," alhali yaro har aike yana kaiwa. Wannan akwai shi a gidan attajiri, akwai shi a gidan mai garuwa.

Sa'an nan yaro na gida duka ne. Wuni yake a bayan yayarsa, kuma in matar gida ba ta fita, yarinyar nan da shi take zuwa talla da aike. An yaye shi, sai ɗakin kaka. Kalmar da ya koya a zaure ko a bakin rijiya, su suka ji ta kafin uwa. Mai awo da ya shigo unguwa ya nemi iso, ya zauna a tabarma, ya tambayi uwa da kaka da yarinyar da ke goyon, kowace ita kaɗai.