Randebu a Zangon Paraku

A Paraku, babban birnin arewacin Jamhuriyar Benin, in saurayi ya ce wa yayansa yana da "randebu", bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya duka ba. Kalmar ta Faransanci ce, rendez-vous, asalinta umarni ne ga sojoji su hallara a wuri kaza. Bakin Bahaushe ya mai da harafin v zuwa b. Amfaninta shi ne faɗinta: alkawarin ganin likita randebu ne, na ofis randebu ne, na budurwa a bayan tasha ma haka.

Me ya kai Hausa aro? Ai kalmominta na gida ba su san ɓoyo ba. Zance, ko taɗi, a ƙofar gida ake yin sa. Saurayi ya tura yaro ya ce ana sallama da wance, a shimfiɗa tabarma a zaure, ƙanne suna leƙe, uwa tana lissafin lokaci daga cikin gida. Wanda ya zo zance ya riga ya sanar da unguwa niyyarsa. Sai an ƙara "a ɓoye" ko "a sace" kafin maganar ta sauya launi.

Tsarance ya fi kusa, amma shi ma ba sirri ba ne. Baba ta Karo ta ba da labarinsa a littafin da Mary Smith ta wallafa a 1954: saurayi da budurwa su kwana tare da sanin manya, bisa sharaɗin ba za a ƙetare iyaka ba. Malamai sun yaƙe shi, yau matasa da yawa ko sunan ba su sani ba.

Hausar Paraku da ta garin Jugu kuwa ta saba da zaman haya. Fataken goro ne suka kawo ta a kan hanyar Kano zuwa Gwanja, ta tarar da harshen Dendi a kasuwa, daga baya Faransanci ya kama makaranta da ofis. Yaron da ya tashi da harsuna uku ya san wanda zai ɗauko in yana son tsohuwa ta ji amma kada ta gane.

Wayar salula ta ƙarasa aikin ɗan aike. Saƙo ɗaya, ɗan acaɓa ɗaya, an haɗu a wata unguwa, tabarmar zaure tana naɗe a jikin bango.