Ƙunzugun Wanki: Sauƙi ga Aljihu, Amma da Sharaɗi

Cikin kuɗin da ke fita daga gida akwai wanda ake lissafawa a fili, kamar na cefane da haya da makaranta, akwai kuma wanda ke fita wata-wata ba mai ambatonsa, wato kuɗin audugar mata. Uwa takan tsakuro shi daga kuɗin miya, yarinya kuwa in ba ta samu ba sai ta ɗauki kowane tsumma ta tarar, ko ta ce kanta ke ciwo ta zauna gida har kwanakin su wuce. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tattauna kan ƙunzugun da ake wankewa a sake amfani da shi.

Lissafin gida

Mu ƙaddara gida mai mata 4, uwa da ƴaƴa 3, kowace tana buƙatar fakiti 2 a wata, fakitin kuma a sefa 500. Jika 4 ke nan a wata, jika 48 a shekara, kuɗin da ya isa buhun hatsi, kuma duka a shara ko a masai yake ƙarewa. Kowa ya sa farashin kasuwar garinsu ya gwada. Ƙunzugun wanki kuwa sau ɗaya ake sayensa, ko a ba tela mace ta ɗinka. Guda 6 zuwa 8 sun ishi mace ɗaya, kuma in an kula da su sukan yi shekara ɗaya zuwa biyu. Abin da za a ci gaba da kashewa sabuni ne da ruwa.

Na zamani an yi masa fukafukai da maɓalli domin ya kama kamfai, da ninkin yadin auduga ko tawul mai tsotsewa, da shafi ɗaya a ƙasa mai hana zuba. Wadda za ta ɗinka ta zaɓi auduga zalla mai laushi, ta guji yadin roba, domin ba ya tsotsewa kuma yana tara gumi.

Ba sabon abu ba ne

Iyayenmu da kakanninmu da ƙyalle suka yi al'adarsu, addini kuma bai mayar da zancen abin ɓoyo ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito cewa mata sukan aika wa Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, da audugar da suka yi amfani da ita domin ta duba musu ko sun yi tsarki. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Asma'u ƴar Abubakar cewa wata mata ta tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da jinin haila da ya taɓa tufa, ya umarce ta da ta kankare shi, ta cuɗa da ruwa, ta wanke, sannan ta yi salla da tufar. Idan tufar da za a tsaya da ita gaban Ubangiji tana tsarkaka da wanki, to babu dalilin ƙyamar ƙyallen da aka wanke.

Yadda ake kula da shi

A canza shi bayan awa 4 zuwa 6, ko kafin haka in jini ya yi yawa, a wanke hannu kafin da bayan canzawa. Wadda take makaranta ko wurin aiki ta naɗe wanda ta cire, ta sa a ƴar jaka marar zuba har ta dawo gida.

A fara jiƙa shi da ruwan sanyi, domin ruwan zafi yana dafa jini ya kama zare. Sai a cuɗa da sabuni a bokitin da aka keɓe masa, a ɗauraye har kumfa ta ƙare. Ragowar sabuni na kawo ƙaiƙayi, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya najasa ba ta gushewa sai da ruwa zalla wanda wani abu bai canza ba. In ɗan tabo ya ƙi fita bayan an yi ƙoƙari, malamai sun yi rangwame a kansa, saboda haka ba sai an zuba ruwan jabel ba, wanda ke cinye yadi.

Kada mace biyu su yi tarayya a ƙunzugu ɗaya, ko da uwa da ƴa ne. Wadda ta ji ƙaiƙayi, zafi ko wari da ba ta saba ji ba, ta je wurin ungozoma ko likita ba tare da jinkiri ba.

Inda ribar ke lalacewa

Babbar matsalar tana wurin shanya. Saboda kunya, ko tsoron kada wani ya ɗauka ya yi sammu da shi, mata da yawa sukan tura ƙyallen ƙarƙashin katifa ko bayan kwalla yana da danshi. Danshi da duhu kuwa su ne gidan ƙwayoyin cuta da funfuna, kuma kuɗin da aka tattala sai ya koma kantin magani. Rana, wadda Allah ya wadata mu da ita kyauta, tana busarwa tana kuma kashe ƙwayoyin cuta. A ɗaura igiya a bayan ɗaki inda baƙi ba sa bi, in ana jin nauyi a rufa siririn mayafi a kai. Da damina a bi shi da guga mai zafi, amma kada ta taɓa gefen roba. Sai ya bushe ƙarau a ajiye shi cikin jakar yadi mai tsabta, ba cikin leda ba.

Akwai kuma ɗan kofin silikon da ake sakawa ciki ya tari jinin. Ana zubarwa a ɗauraye bayan awa 8, a tafasa shi kamar minti 5 a ƙarshen kowace al'ada, kuma yana iya kai shekara 10. Tsadarsa a farko take. Wadda ke sha'awarsa ta fara neman shawarar ungozoma.

Kira ga magidanta

Tun 2014 ake tunawa da ranar tsabtar al'ada a duniya kowace 28 ga Mayu, amma gyaran gaskiya a tsakar gida yake farawa. Ya kai maigida, ba a ce ka tambayi ƴarka abin da take jin nauyin faɗa maka ba. Ka ba uwargida kuɗin yadi da ɗinki, ka ƙara sabuni a cefane, ka tanadi ruwa da bokiti da igiya, ka kuma hana yara maza tsokana. Ke kuma uwa, ki koya wa ƴarki wankin da shanyar tun kafin ta fara gani, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Allah ya ba iyalanmu lafiya, ya sa albarka a cikin ɗan abin da ke hannunmu, amin.