Kafin ka ƙirga wa mai babur kuɗinka

A Jega da Aliero da Maiyama babur ba kayan ado ba ne. Shi ke kai manomi fadama, shi ke fito da buhun albasa bakin titi, shi ke ciyar da ɗan kabu-kabu da iyalinsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuma Naira ta faɗi, sabon Boxer ya fi ƙarfin mutane da yawa, sai aka koma wa na hannu. A gefe guda kuma ga samarin da ke kallon jajayen baburan tseren Italiya a waya, irin su Ducati da Aprilia da MV Agusta, har wani ya fara tambayar nawa za a kawo masa ɗan Kwatano. Kayan Italiya dai ba baƙo ba ne a nan, domin Vespa da iyayenmu suka hau na kamfanin Piaggio ne. Amma Vespa daban, babur ɗin tsere daban.

Ko wane iri za ka saya, fara da takarda tun kafin ka taɓa makulli. Jega mahaɗar hanyoyi ce, ta Sakkwato da ta Birnin Kebbi da wadda ta bi ta Maiyama ta nufi Koko da Yawuri, kuma inda hanyoyi suka haɗu kowane irin kaya na iya biyowa. Ka nemi rasit ɗin asali, ka tsuguna da kanka ka gwada lambar inji da lambar jikin babur da abin da aka rubuta. Idan wurin lambar ya yi sumul fiye da kewayensa, ko haruffan ba su jeru daidai ba, an goge ne an sake bugawa. Tashi ka kama gabanka. Wanda aka kama da babur ɗin sata, "ai saye na yi" ba ya fitar da shi cikin sauƙi, balle a wannan zamani da jami'an tsaro ke sa wa babura ido saboda 'yan bindiga. Na waje kuwa sai da takardar kwastan. Lambar jikinsa haruffa da alƙaluma 17 ce a wuyan babur. Ta Ducati tana farawa da ZDM, ta Aprilia da ZD4. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu, da sunan mai sayarwa da na dillali. Dillali la'adarsa yake nema, ba shi zai kwana a ofishin 'yan sanda ba.

Daga nan sai inji. Ka je da sassafe, ka ɗora hannu a kansa. In ka ji ɗumi, an riga an tayar da shi kafin ka iso, kuma akwai dalili. Inji mai lafiya yana tashi da sanyinsa ba tare da an yi ta fama ba. Tsaya ta baya ka kalli salansa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na nufin yana shan baƙin mai, fistin da zobbansa sun tafi. Zaro ma'aunin baƙin mai ka murza a yatsa. Mai kauri fiye da ƙima dabara ce ta ɓoye ƙara. Ka tafi da makanikenka, ba na mai babur ba.

Inji dai ana gyara shi. Abin da ba ya komawa daidai shi ne ƙashin babur da ya taɓa lanƙwashewa. Masu ɗorin Aliero sun yi suna a ƙasar nan wajen haɗa karaya, amma ƙarfen da aka gasa da wuta aka miƙe ba ya warkewa kamar ƙashin mutum. Duba ƙarƙashin tanki da wuya ko akwai walda ko sabon fenti a wuri guda. Murza kan babur hagu da dama har ƙurewa. 'Yan ƙarafan da ke tokare shi in sun fashe ko sun lotse, babur ya sha ƙasa da ƙarfi. Ka hau a miƙaƙƙen titi ka sassauta riƙo kaɗan, ka ga ko yana janka gefe guda. Sarƙa da haƙoranta da birki duk a duba, amma waɗannan abin ragin kuɗi ne, ba na fasa ciniki ba. Taya kuwa tana ɗauke da shekarunta a gefe: alƙaluma huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Wadda ta haura shekara biyar ko shida ta bushe, ko da zanenta bai cinye ba.

Yanzu ga mai sha'awar ɗan Italiya. Ducati, wanda ake ƙerawa a birnin Bologna, ya shahara da wani tsarin bawul da ake kira desmo, inda ƙarfe ne ke buɗe bawul kuma ƙarfe ne ke rufe shi, maimakon sifirin. Saita shi aikin gwani ne mai kayan awo. Yawancin injinansa masu silinda biyu, kamar na Monster da aka fara fitarwa a 1993, bel ɗin roba ne ke juya musu bawul, kuma a tsofaffin ana canja shi duk shekara biyu ko da babur a ajiye yake. Ranar da ya tsinke, fistin ya daki bawul, inji ya tashi aiki. Saboda haka babur mai ƙaramin adadi a mita wanda ya shekara uku a jingine ya fi ba ni tsoro a kan wanda ake hawa ana kula da shi. Ka nemi takardun sabis. In babu, ka ɗauka ba a yi ba, ka cire kuɗin daga farashi. Ka tambayi makullai duka, domin wasu na shekarun 2000 suna da jan makulli na musamman da katin lamba, kuma rasa su na iya kai ka ga canja kwamfutar babur. Ƙarar kaca-kaca daga busasshen kulocin tsofaffin Ducati kuwa halinsa ne, kada ta firgita ka. Kusoshi masu 'yan ƙananan huji a kai alama ce ta babur da ya yi filin tsere.

A ganina babbar tambayar ba a jikin babur take ba. Kayan Boxer ko Jincheng za ka same su a shagunan Jega yau, makanike ya ɗaura kafin La'asar. Bel ɗin Ducati sai an yi oda daga Legas ko Abuja ko Turai, da kuɗin waje, a jira makonni, sannan a nemo wanda ya san ɗaura shi da kwamfutar da ke karanta ciwon injin. Man bumburutu na bakin hanya yana toshe masa injekta. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana gasa shi a cunkoson ranar kasuwa, cikinsa kuma a ƙasa yake, ba na hanyar gona da damina ba ne. Duk wanda zai saya, ya fara samun sunan makaniken da zai riƙa kai wa da garin da yake, ya tambaye shi kuɗin canjin bel da saitin bawul, sannan ya koma wurin mai babur a yi maganar farashi.