Tashar Dangora da maganar sabon jirgin Kaduna zuwa Kano

Tun da tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin sabon layin dogo daga Kaduna zuwa Kano a watan Yulin 2021, wata magana take ta yawo a majalisun Karaye da Rogo. Wai da zarar an gama, jirgi zai koma tsayawa a Dangora kamar da, manomi ya kai buhunansa tasha ya huta da tsadar mota. Har da masu rantsuwa cewa tsohon layin ake gyarawa. Maganar akwai daɗin ji, amma tana cutar da mu, domin tana sa mutane su naɗe hannu a lokacin da ya kamata su buɗe baki.

Layin dogo bai taɓa ratsa garin Karaye ko na Rogo ba. Tashoshin da kakanninmu suka sani na maƙwabta ne: Dangora da Yako a ƙasar Kiru, sai Gimi a ƙasar Makarfi ga mutanen Rogo da ke kusa da iyakar Zazzau. Duk suna kan layin da Turawa suka jawo daga Baro, a bakin kogin Kwara, ya iso Kano a 1911. Ta ɗaya gefen kuma akwai reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Mu a tsakiya muke, jaki da amalanke ne suka haɗa mu da jirgi.

Abin da mutane ba sa tsayawa su tambaya shi ne dalilin da ya sa aka dasa tasha a ƙauye tun farko. Ba don son fasinjan ƙauye aka yi ba. Tsohon layin guda ɗaya ne tilo, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa suke. Kamar turbar da ta ratsa gonakin dawa ce a tsakiyar damina: idan jakuna biyu ɗauke da mangala suka yi gaba da gaba, dole ɗaya ya samu wurin raɓewa ɗan'uwansa ya wuce. Tashar ƙauye ita ce wurin raɓewar. A nan layin yake rabuwa biyu na ɗan taƙi, ma'aikaci ya ja ƙarfen da ke karkatar da jirgi, ya ɗaga tuta, jirgin kaya ya koma gefe ya jira na fasinja. Ga kuma injin wancan zamani, mai cin kwal ɗin Inugu, wanda ba ya nisa sai an cika masa tukunya da ruwa. Tsayuwar dole ce, sai mutanen gari suka mai da ita kasuwa. Kafin kan jirgi ya gama huci, yara da mata sun jeru a gindin tagogi, wannan da rake, wannan da dafaffen ƙwai, waccan da ƙwaryar fura, ana miƙa kaya sama ana jefo kuɗi ƙasa.

Abin da ya riƙe tashar da gaske kuwa kaya ne. Daga 1912 gyaɗa ta zama kuɗi a ƙasar Kano, auduga kuma tana tafiya injin gurza na Zariya da Funtuwa. Da kaka ta yi, a kafa sikeli, dillalai su zauna, 'yan dako su yi ta jibga buhuna a tarago. Wannan ciniki ne ya gina dalar gyaɗa a Kano, ya ɗaga attajirai irin su Alhassan Ɗantata.

Mutuwar tashoshin ma ba dare ɗaya ta zo ba. Injin dizal ya kori mai kwal, tsayawa shan ruwa ta ƙare. Farin 1973 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 suka karya noman. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Tireloli suka mamaye titin Kano zuwa Zariya, har ya zama yaro yau ya fi sanin Kwanar Dangora a kan tashar da ke cikin gari. Ko da aka farfaɗo da jirgin Legas zuwa Kano a ƙarshen 2012, ƙananan tashoshi ba su koma yadda suke ba, don kayan da ke ciyar da su babu.

Sabon layin kuma daban yake tun daga ƙasa. Faɗin tsohon milimita 1,067 ne, na sabon 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Taragon wannan ba ya hawa wancan. An tsara sabon ne don gudu a tsawon kilomita 203, ba ya neman ruwa a hanya, kuma tashoshin da aka fi ambata lokacin ƙaddamarwa su ne Rigachikun da Zariya da Kano. Duk dalilan da suka tilasta wa tsohon jirgi tsayawa a ƙauye sun kau, saura guda: kaya.

Kaya kuwa muna da su. Akwai masara da dawa da waken suya na Rogo, ga tumatir da albasa na masu noman rani a gefen madatsar ruwan Challawa da aka kammala a Karaye a 1992. Abin da ya rage shi ne wanda zai ƙirga buhun da ke fita kowace kaka, ya kai wa hukumar jiragen ƙasa a rubuce, ya nemi wurin lodi da sito a Dangora, ko a kan sabon layi ko a kan tsohon, tare da hanya mai kyau daga Rogo da Karaye. Wannan aikin wakilanmu ne da shugabannin ƙananan hukumomin Karaye da Rogo da Kiru, kuma ya fi sauƙi tun aiki bai kammala ba. Mu ma da namu laifin. A wurare da dama a Arewa ana kwance ƙarafan tsohon layi ana sayar wa 'yan gwangwan, ana gini a filin reluwe, jama'a na gani suna kau da kai. Hukumar da ta zo duba wurin lodi ta tarar an cinye filin, gaba za ta yi da aikin zuwa wani gari.