Ƙafar Gaba Na Ƙara, Kuɗi Kaɗan: Me Za a Fara Gyarawa?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi, ya rubuto cewa akori-kurarsa Fijo 404 tana ƙwanƙwasa a gaba, ga aljihu ba nauyi.

To Malam, kada ka fara da shokozoba. A ɗaga motar da jak, a girgiza taya. In ta yi wasa dama da hagu, kan tayarod ne. In sama da ƙasa, a duba boljoyin ko boris. Waɗannan ba sa jira. Boljoyin in ya fita, taya kwantawa take yi, ga lodi a baya, Allah ya kiyaye.

Shokozoba, in dai ba ya yoyon mai, a bari sai kaka, amma a sauya biyun tare. Bayan gyara a yi saitin ƙafa, kada tayoyi su cinye gefe guda.